Shanun da Aka Rubuta wa Gambo

Yayana Gambo bai taɓa mallakar abin da ya wuce karsana ɗaya ba a duniya, amma a takardar Nasara shi ne attajirin garinmu. Mai son dariya ya yi, ni dai har yau ba ta ba ni dariya. Sunana Zuliha, ginin tukwane ne sana'ata tun hannuna bai kai bakin tulu ba, kuma mutanen garinmu, can gabas da Mirriya, sun ce bakina ya fi hannuna sauri. Ban musa ba. Gambo ya rasu shekara biyu bayan an sauke tutar Faransa, 'ya'yansa sun watse neman abinci, in ban ba da labarinsa ba babu mai bayarwa.

Tagwaye ya biyo, shi ya sa aka sa masa Gambo. Tagwayen ba su yi rai ba, sai shi ya zama babba a ɗakinmu. Gonar ubanmu jigawa ce, rairayi zalla, in ka shuka gero sai ka bi shi da addu'a. Da ya tasa sai ya bi wasu Fulani kiwo har shekara shida, ya dawo ba ko tunkiya, sai dai sanin saniya. Wannan kam ya san ta. Ya kan dubi kashin saniya ya gaya maka abin da zai same ta jibi. Bayan haka aka kwashe shi da sa'o'insa aikin dole fasa dutsen hanya, ya komo da ɗingishi a ƙafar hagu, ya auri Rabi, ya zauna. Mutum ne marar magana. Sai ka wuni da shi ba ka ji kalma goma ba, in ba an taɓo zancen lampo ba.

Lampo shi ne harajin kai da Nasara ya aza mana. Kai ɗaya, kuɗi ɗaya, ko kan attajiri ne ko na mai tallan ruwa. Wannan ma da sauƙi. Abin da ke ci mana rai shi ne takardar sunaye ba a sabunta ta sai bayan shekara huɗu ko biyar. Mutum ya mutu, an binne shi, an yi sadakar arba'in, amma a ofishin kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu, yana nan da ransa, ana jiran lamponsa. Wanda ya gudu ƙasar Ingilishi, wato Najeriya, shi ma yana nan. Shi kuwa mai garinmu, Bulama Alkasum, dole ya kai kuɗin cif, in ba haka ba a shanya shi a rana a gaban bariki da rawaninsa. Don haka kowace kaka, in an gama ɗaure dammuna, magidanta kan taru gindin kukar ƙofar Bulama a raba nauyin waɗanda ba su nan. Rabon matattu muke ce masa.

A da, daidai wa daida ake yi, kowane gida a aza masa abin da aka aza wa maƙwabcinsa. Masu wannan ra'ayi suna cewa ai sahu ɗaya ake bi a masallaci, ba a tambayar mai saniya ya matsa gaba. Gambo ne ya ƙi. Duk shekara sai ya miƙe a kan ƙafarsa mai lafiya ya ce, “Jaki da raƙumi ba a yi masu kaya ɗaya. Mai ƙarfi ya ɗauki daidai ƙarfinsa.” Aka yi ta yi masa dariya, har shekarar yunwar nan da muka rayu da garin rogo. A shekarar sunayen matattu suka yi yawa, talakawa kuma ko akuya babu, sai dole ta sa aka bi maganarsa. Daga nan ta zauna: wanda ya fi kowa dabbobi shi ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Ni kaina na ci moriyar wannan, don mijina Lawali a bayan yunwar ya rasu, sunansa ya ci gaba da zama a takarda, ba a taɓa zuwa ƙofata an ce in biya masa ba.

To, a wannan yunwar ne Alhaji Mai Nasara ya shigo rayuwarmu. Babban ɗan kasuwa ne a Birnin Damagaram, gyaɗa da fata da goro duk yana taɓawa. Lokacin da mutane ke sayar da saniya a kan tiya kaɗan ta hatsi, shi saye yake yi. Ba ya tara su wuri ɗaya kuwa. Rarraba su ya yi ƙauye-ƙauye, a hannun mutanen da ya yarda da su, abin da muke kira ba da kiwo. An ba shi labarin Gambo, ya aiko aka kira shi, suka yi magana su biyu a zaure. Shanu goma sha uku. Nono na Gambo, taki na Gambo, in an haihu ya je ya sanar, in an yaye Alhaji ya aiko a ɗauki maraƙin, in an mutu ya kai fata shaida. Bayan damina huɗu za a ba shi maraƙa ɗaya mace ta zama tasa ta kansa. Sharaɗi ɗaya ne tak: kada bakinsa ya taɓa ambaton mai su, ko ga Bulama, ko ga Nasara, ko ga limami. Gambo ya aza hannu a ƙirji ya ce ya karɓi amana.

Kowa a garin ya san ba nasa ba ne, yo ina Gambo ina shanu goma sha uku? Amma a wurinmu ba a tona dukiyar mutum, kamar yadda ba a ɗaga masa riga a kasuwa. In masu ƙidayar jangali za su zo, jangali kuwa shi ne harajin dabbobi, labari kan riga su isowa, sai kowa ya kora nasa cikin daji kwana biyu. Haka aka yi ta tafiya. Gidan Gambo ya ga nono, 'ya'yan Rabi suka yi kumatu, jigawar nan da ba ta haifar komai ta soma ba da dami talatin saboda taki.

Alhaji ya cika alkawari, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Damina ta huɗu ya aiko cewa Gambo ya zaɓa. Ya zaɓi wata ja mai farin goshi, muka sa mata Kyalla. Wayyo, ku zo ku ga dattijo da furfura yana hira da maraƙa! Ni har tsiya nake yi masa, in ce, “Yaya, ko a kai mata lefe ne?” Sai ya yi murmushi ya ce, “Zuliha, wannan ita ce farkon garkenmu. Daga gidan ubanmu har kakanmu ba wanda ya taɓa ɗaure saniyarsa a turkensa.” Duk lissafinsa a kanta yake. Ita za ta haifi na auren Habu, babban ɗansa, ita za ta haifi wadda za ta ɗebe masa noma in ƙafar ta ƙi gaba ɗaya.

Shekarar da aka yi ƙuri'ar i ko a'a kan zama da Faransa, annoba ta shigo daga gabas. Zawo ne mai wari, saniya ta kwana uku tana hawaye da dalala sai ta faɗi. Nasara ya aiko malaman dabbobi suka kafa shinge a Mirriya suna allura kyauta. Ba wanda ya kai nasa. Kowa ya san bayan allura alƙalami ke biyowa, duk saniyar da aka tsaga wa kunne ta shiga takarda ke nan. Gambo ya je wani ƙauye maƙwabcinmu ya ga garke guda a kwance, ungulaye sun ƙoshi har ba sa iya tashi. Ya dawo bai ci tuwo ba. Washegari da sassafe ya kwance su duka goma sha huɗu, har da Kyalla, ya nufi Mirriya. Na tare shi a bakin rijiya na ce, “Yaya, ka haukace? Wurin masu takarda za ka kai su da ƙafarka?” Ya ce, “Amana aka ba ni in raya su, ba a ce in ɓoye su har su mutu ba.”

Aka yi masu allura. Malamin ya ɗaga kai daga littafinsa ya tambayi wane ne mai garken. Gambo ya ce shi ne. Me kuke so ya ce? Aka rubuta.

A garinmu annobar ta kashe fiye da rabin shanu. A turken Gambo ko ɗaya ba ta faɗi ba. Da kaka ta yi sai ga takarda ta iso wa Bulama: Gambo, shanu goma sha huɗu, jangalinsu kaza. A daidai lokacin kuma sunaye tara ne ke jiran rabon matattu, shida sun mutu, uku sun tsallaka Ingilishi. Kyalla kuwa tana ɗauke da cikinta na fari.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Damagaram, na ɗora tukwanena a jaki muka tafi tare da Gambo, shi zai je ya sanar da Alhaji. Na ce masa tallata zan yi, amma ƙarya nake, so nake in ga idon Alhajin nan. Muka ratsa lungunan Birni har ƙofar gidansa, wani gida mai zanen fulawa a bango, raƙuma uku durƙushe ana sauke buhunan gyaɗa. Na ɗauki randa ɗaya mai kyau a matsayin gaisuwa, da ita na samu shiga zaure, na durƙusa daga bakin ƙofa. Na zaci zan ga ƙaton mutum mai tumbi. Ashe ɗan siriri ne, mai sanyin murya, yana zaune a buzu yana gyaran alƙalamin kara.

Gambo ya faɗa masa komai, bai rage ba. Alhaji ya ce, “Ka yi kuskure, Malam Gambo, amma kuskuren mai amana ne. Shanuna suna raye.” Ya sa aka kawo kuɗin jangalin goma sha uku ya ba shi, ya ce ta goma sha huɗun taka ce, kai za ka ji da ita. Har nan ba laifi. Sai Gambo ya sunkuyar da kai ya kawo zancen rabon matattu, ya ce a al'adar garinmu mai yawan dabbobi ke ɗaukar kaso babba, yanzu kuwa a takarda ba wanda ya kama ƙafarsa.

Alhaji ya ajiye alƙalami. Na ga ya kai hannu gemu yana shafawa, na ga idonsa ya koma wajen akwatin kuɗin da aka buɗe ɗazu. Allah ne shaidata, ban san abin da zai ce ba. Ban jira na ji ba. Bakin nan nawa ya kubce.

Na ce, “Allah ya ja zamanin Alhaji, ashe kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi? Shanu naka, riba taka, suna na yayana. Kai ɗaya kake biya wa lampo, daidai da ni mai cuɗa yumɓu. Raƙuman da ke ƙofarka sun fi garinmu duka daraja, amma mu ne za mu biya wa matattu. Wannan wane irin rabo ne?”

Gambo ya ce, “Zuliha!” Alhaji ya ɗaga masa hannu. Bai yi fushi ba, da ma ya yi fushin da na fi jin daɗi.

Ya ce, “Baiwar Allah, bar ni in tambaye ki. Shekarar garin rogo, wa ya buɗe rumbu a ƙofar nan wata uku, ni ko kumandan? Ina biyan fatanti, kuɗin da ake karɓa wurin 'yan kasuwa, mafi tsada a layinmu. Ina fitar da zakka, wadda Allah ya yanka, ba Nasara ba, kuma Allah da ya yanka ta bai ce a bi mutum har gida a ƙirga masa tukwane ba. Baki arba'in ke ci a gidan nan. Kuɗin da kuke kai wa bariki, kin taɓa ganin sun dawo sun haƙa maku rijiya? In na ba talaka da hannuna na san cikin da ya shiga. In na ba Nasara, jirgi zai hau.”

Na ce, “Wanda ka ba da hannunka sai ya durƙusa ya yi godiya, Alhaji. Ranar da ba ka ga dama ba kuma fa? Mu ba sadaka muka zo nema ba. Kasonka muke so ka ɗauka.”

Ya ce, “Kasona nawa ne? Faɗa mini. Rabin abin da na tara? Kashi ɗaya cikin goma? Wa zai yanka, ke ko Bulamanku? Ni ma da tallan goro a ka na fara, ba wanda ya raba mini nauyi. In duk wanda ya tara za a bi shi a tatse, gobe ba mai sayen gyaɗarku.” Ya juya wajen Gambo, muryarsa ta sauya. “Matattun garinku ban san su ba, ban ci gadonsu ba. In na biya maku, ƙauye goma sha ɗaya nake da kiwo, kowanne da matattunsa. In kuma sunana ya fita, Nasara zai bi sawu ya tono sauran, ni kuwa sai in tattara shanuna in tsallaka da su Ingilishi. Gida goma sha ɗaya za su rasa nono. Ka ɗauki amana, Malam Gambo, ban tilasta ka ba.”

Gambo ya ce, “Haka ne, Alhaji.” Muka fito. Ko randar ban tsaya an mayar mini da godiyarta ba.

Muka kama hanya har muka wuce duwatsun bayan gari. Sai na kasa haƙuri na ce wa Gambo ai gaskiya na faɗa. Ya ce, “Gaskiya kika faɗa. Shi ma ba ƙarya ya yi ba duka.” Na ce to da na yi shiru da ya biya ne? Ya ce, “Allah kaɗai ya sani.” Wannan amsa ta fi mari ciwo, kuma ita nake kwana da ita har yau da tsufana.

Ranar rabon matattu magidanta suka taru gindin kuka. Mata ba sa zama, amma dangar gidan Bulama ta kara ce, ni kuwa ina bayanta da kunnena. Bulama Alkasum ya lissafa sunaye tara, na ji an ambaci Lawali mijina a na huɗu. Kowa na kallon ƙasa.

Usman ne ya fara magana. Shi ne ya fi kowa shanu a da, guda bakwai, annoba ta bar masa biyu. Ya ce, “Shekara huɗu ina ɗaukar kaso babba, ban taɓa cewa uhum ba, saboda Gambo ya ce jaki da raƙumi ba a yi masu kaya ɗaya. To bana wa ye raƙumin?”

Wani dattijo ya ce, “Haba Usman, ka san yadda abin yake.”

Usman ya ce, “Na san me? Na san nonon shanu goma sha huɗu gidansa yake shiga. Na san gonarsa ta yi dami talatin, tawa goma sha biyu. Shekarun da nake biya, yana shan nono yana yi mana wa'azi, ba a aza masa ko tamma ba don an ce ba nasa ba ne. Yanzu ya je da bakinsa ya ce wa Nasara nasa ne. In nasa ne ya ɗauka. In ba nasa ba ne ya faɗi mai su, mu je mu karɓo, ai shi ne ya koya mana cewa mai ƙarfi ke ɗauka.”

Na so in tsine wa Usman, amma ta ina? Bai faɗi abin da ba haka ba. Nan fa gardama ta kaure. Wasu na cewa a koma daidai wa daida kamar da, kowa ya huta. Masu ƙaramin ƙarfi suka ce ina, ba za su koma ba, wanda ya rasa akuyarsa ta ƙarshe da me zai biya wa mataccen wani? Wani saurayi da ya soma bin 'yan siyasa ya ce a yi haƙuri, Nasara ya kusa tafiya, in mulki ya dawo hannunmu attajiran birni za su biya daidai arzikinsu. Bulama ya ce masa, “To ka je ka gaya wa kumandan ya jira.” Aka yi 'yar dariya marar daɗi.

Daga nan Bulama ya juya ya ce, “Gambo, magana ɗaya ce. Ka faɗi suna a gaban jama'a, ni da kaina zan hau doki in je. In ba ka faɗa ba, ba ni da abin bi sai takarda.”

Na leƙa ta tsakanin kara. Gambo na zaune ya miƙe ƙafar nan mai ciwo, yana murza wani ɗan tsinke. Na san abin da yake gani, amanar da ya aza hannu a ƙirji ya karɓa. Jinina ya hau, na ɗaga murya daga bayan danga na ce, “In shi ba zai faɗa ba ni zan faɗa! Shanun nan na...”

Ban taɓa jin Gambo ya daka tsawa ba sai ran nan. Ya ce, “Zuliha! In kika ƙarasa, ba ni ba ke har kabari.” Na ja da baya daga dangar. Ya dafa ƙasa ya miƙe, ya ce, “Bulama, shanun da ke turkena nawa ne. Abin da na faɗa shekarun baya ban janye ba, mai ƙarfi ya ɗauki daidai ƙarfinsa. A aza mini.”

Aka aza masa biyar cikin tara. Lawali na ciki. Na sayar da duk tukwanen da na gasa a kakar nan, Rabi ta fitar da kwanonin aurenta, ba su kai ko rabi ba. Hatsin rumbu in an taɓa shi yara za su kwana da yunwa kafin damina. Shanun Alhaji ba a taɓa su, ko gashin jelarsu. Abin da ya rage wanda yake na Gambo halak malak abu ɗaya ne, kuma duk mun san shi, ba dai mai iya furtawa.

Ranar Lahadi, kasuwar Mirriya, ya wanke Kyalla da hannunsa, ya ba ta dusa da kanwa. Cikinta ya tsufa, tana tafe tana nishi. Na bi shi, ban tambayi izini ba. A wurin sayar da dabbobi mahauta biyu suka zagaye ta suna latsa mata cinya, Gambo ya kawar da kai. Sai ga wani dillali, Ɗan Azumi, ya zo ya taya da kuɗin da ya fi na mahautan nesa ba kusa ba, bai ko yi ciniki ba. Gambo ya tambaye shi ko yanka za a yi. Ya ce a'a, mai kiwo ne ya aiko shi. Gambo ya ce alhamdu lillahi, ya miƙa igiya. Daga nan kai tsaye gidan Bulama ya wuce ya sauke nauyin mutum biyar, ya koma gida da abin da bai kai kuɗin tunkiya ba. Turken Kyalla ya tsuguna ya tumɓuke, ya jingine shi bayan rumbu.

Kwana uku bayan haka, da la'asar, ina tsakar gidansu muna sussuka da Rabi, sai muka ji kukan saniya a ƙofa. Rabi ta saki taɓarya. Muka fita, sai ga Ɗan Azumi riƙe da igiya, Kyalla na jan sa tana neman shiga.

Ɗan Azumi ya gaida Gambo ya ce, “Alhaji ne ya saya. Ya ce ba wanda ya san halinta kamarka, a haɗa ta da sauran, a ci gaba da kiwo yadda aka saba.”

Gambo ya daɗe yana kallonta. Ya ce, “Cikin fa?”

Ɗan Azumi ya ce, “Da cikinta aka saya, Malam Gambo, ai ka sani.”

Ni kam na zauna a ƙasa na rushe da kuka, ina faɗin abin da ba zan maimaita ba yanzu da na kusa kabari. Na ce cin fuska ne, na ce ya mayar masa da tsiyarsa. Gambo ya ce, “Ki yi shiru. Da ba don shi ba da yanzu tana rataye a rumfar mahauta.” Har yau ban san wanne ne gaskiya ba, tausayi ne ko ciniki. Wataƙila shi kansa Alhajin bai rarrabe ba. Gambo ya zagaya bayan rumbu ya ɗauko turken, ya mayar da shi raminsa, ya ɗaure ta.

Bayan kwana ashirin ta haihu, da hantsi, mace, ja kamar uwarta. Gambo ne ya karɓi haihuwar, ya share wa maraƙar hanci, ya tallafe ta har ta tsaya da ƙafafunta ta kama nono. Ya tsaya yana kallonsu, hannuwansa duk jini. Habu ɗansa ya zo da gudu yana murna, ya ga fuskar ubansa, ya yi turus.

Gambo ya wanke hannu, ya shiga ɗaki ya sako rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki sanda. Na ce, “Yaya, ina za ka da ranar nan, da wannan ƙafar?”

Ya ce, “Damagaram. In an haihu ana sanar da mai dukiya. Zan je in yi wa Alhaji barka.”